Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke gane iyakar abu

Idan ka tambayi ɗalibi yadda mutum ke gane inda wani abu ya ƙare wani ya fara, yawanci zai ce maka aikin ido ne. Gyaran wannan ba wuya. Ido yana fara aikin, amma sai saƙonsa ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, sashen da ake kira V1, kafin a soma tantance layuka. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a kan kyanwa a 1959: wata ƙwayar jijiya ba ta amsawa sosai sai layi yana tsaye, wata sai yana kwance ko a karkace. Aikin ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar cewa duk inda haske ya sauya, nan ne iyakar abu. Dubi inuwar reshe a jikin bango da tsakar rana. Bakinta a fili yake, ga haske ga duhu, alhali bangon ɗaya ne. Yanzu a juya lamarin: a haɗa yadi biyu masu haske daidai, ɗaya zanensa a tsaye, ɗaya a kwance. Ƙwayar da aikinta kawai ta auna hasken wannan gefe da na wancan ba za ta sami bambanci ba. Kai kuwa kallo ɗaya za ka yi ka ga mahaɗar.

To, ta yaya? Bayanin da masana suka fi amfani da shi mataki biyu ne. Da farko ƙananan ƙwayoyi suna kama siraran zanen. Sai a tattara amsarsu ba tare da kula da ko zanen fari ne ko baƙi ba, don kada su soke juna. Daga nan wata ƙwaya mai faɗin fili, wato mai amsa yanki mai faɗi na abin da ido ke gani, ta kwatanta yawan amsar da ke zuwa daga kowane gefe. A 1993 Zhou da Baker, a jami'ar McGill da ke Kanada, sun ba da rahoton ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar kyanwa masu amsa tsarin da ba bambancin matsakaicin haske ne ya fitar da shi ba. Amfanin haɗa alamomin biyu, haske da zane, a bayyane yake: a bakin inuwa haske ne ke sauyawa, kaushin bangon yana nan yadda yake, a ainihin gefen abu kuwa sau da yawa duka biyun suke sauyawa tare.

Wasu kuma suna raba aikin kashi-kashi, su ce V1 na haske ne, V2 kuma, sashen da ke biye da shi, na zane. Gaskiya ne V2 yana da nasa ƙwarewar: a 1984 Rüdiger von der Heydt da abokan aikinsa sun sami ƙwayoyi a V2 na biri masu amsa layin da ba a zana ba sam, a 2000 kuma suka bayyana waɗanda ke nuna gefen da ya mallaki iyakar, wato gefen da abin yake. Sai dai a 1995 Victor Lamme ya nuna cewa ƙwayoyin V1 ma suna ƙara amsawa idan filinsu ya faɗa cikin siffar da zane ya ware, kuma ƙarin yana zuwa ne a ɗan makare, abin da ake dangantawa da saƙon da ke dawowa daga sassan da ke biye da V1. Don haka in za ka zana taswirar hanyar saƙon, ka sa kibiyoyi masu komowa baya.

Mai shirya gwaji kuma ya yi hattara da allon kwamfuta. Da lamba ake faɗa wa allo yawan hasken da zai fitar, amma lamba 200 ba ta ba da ninki biyu na hasken lamba 100 a yawancin alluna. In ba a daidaita ba, hoton da ka ce zane kaɗai ya raba shi zai ɗauko ɗan bambancin haske, ƙwayar ta amsa wannan, kai kuma ka rubuta cewa zane ta gani. Ka auna allon da na'urar auna haske kafin ka fara ɗaukar bayanai.