Darasi na 9: Zama da kirci da kula da fata

Jama'a da farko a raba abu biyu, don a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai ciwon fatar da ake ɗauka daga jikin wani, irin su ƙazuwa da makero, waɗannan in an dace da magani suna warkewa su tafi, sai dai ita ƙazuwa dole a yi wa duk 'yan gida magani lokaci ɗaya, a wanke kaya da zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana. Akwai kuma wanda daga jikin mutum yake tasowa, kamar kirci mai bin jini, zaka ga gidan da ake da shi sau da yawa ba a rasa mai asma ko mai yawan atishawa. Wannan ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya, don haka don Allah a daina ware wa yaro kwanonsa da tabarmarsa, wallahi abin yana taɓa zuciyarsa fiye da ƙaiƙayin.

Shi irin wannan kircin lafawa yake ya dawo, lallaɓa shi ake yi. Fatar mai shi ba ta riƙe danshi kamar ta kowa, to da hunturu ya shigo mana nan Kaduna daga wajen Nuwamba har Fabrairu, ga ƙura ga iska busasshiya, sai fata ta bushe ta tsattsage ta hau ƙaiƙayi, mutum ya sosa, susar ta buɗe fata, ƙaiƙayin ya ƙaru, haka za a yi ta yi har cikin dare yaro bai yi barci ba uwa ma bata yi ba.

To me za a yi? Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, banda mai zafi sosai ko da ana sanyi, kuma kar a daɗe. A ajiye soso mai kaushi da sabulu mai ƙamshi ko mai magani. In an fito a ɗan tsane jiki da tawul ba gurzawa ba, nan take tun jiki da sauran laima a shafa man kaɗanya ko basilin da yawa, safe da dare, har ranar da fata take lafiya lau ma a shafa, ai shi ke hana ta tashi. A yanke farce, a sa wa yaro kayan auduga. Uwargida mai wanki da omo, in hannunki na tsagewa ki nemi safar hannu ta roba.

Yanzu ga inda nake so a saurara da kyau. Man shafawar nan da ake saya a kemis ko a haɗa a kasuwa, wanda kwana biyu ƙaiƙayi ya ɗauke, yawancinsa akwai sitiroyid a ciki. Magani ne na gaske, likitoci ma suna rubuta shi, amma da ƙa'ida, irin ƙarfin da ya dace da wurin da iya kwanakin da aka ce. In aka mai da shi man kullum, ko aka zuba cikin man jariri don ya yi haske, fata na yin siriri ta fito da nankarwa da ƙuraje, in kuma makero ne aka shafa wa sai ya ɓoye kamanninsa ya bazu. Mayukan bilicin kuwa wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda.

In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti ranar, ga Barau Dikko a cikin gari ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Tabo mai haske wanda in an taɓa ba a ji, shi ma kar a zauna da shi, yana iya zama farkon kuturta, maganinta kyauta ne kuma ana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, akwai cibiyarta a Saye kusa da Zariya.

Aikin gida: kowa ya tattaro mayukan shafawar da ke ɗakinsa, ya rubuta sunayensu a littafi, ya duba wanne ke da lambar NAFDAC wanne babu, a zo da su aji mako mai zuwa mu karanta tare.