Kafin ka biya kuɗin taya, karanta gefenta

Yawancin masu mota in taya ta sude abinda suke yi kawai shi ne su je wajen mai taya su ce a ba su irin wadda ke jiki, shikenan. To matsalar ita ce wadda ke jikin ma ba lallai ita ce daidai ba, wataƙila wanda ya riƙe motar kafin kai ya saka abinda ya samu ne. Saboda haka ka fara da buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar take rufuwa a kai, akwai 'yar sitika da kamfanin motar ya manna, wasu motocin kuma tana cikin murfin tankin mai ko a littafin motar. A nan aka rubuta sayis ɗin taya da yawan iskar da ya kamata a sa, kuma ita za ka bi.

Za ka ga rubutu kamar 205/55 R16 91V. 205 ɗin faɗin tayar ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman rim a inci. Waɗannan kowa yana dubawa tunda in rim bai yi daidai ba tayar ba za ta ma shiga ba. Inda ake sakaci shi ne 91V ɗin nan na ƙarshe. 91 lamba ce da ke nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, wato kilo 615, in 88 ce kilo 560, in 94 ce kilo 670. Harafin kuma iyakar gudu ne, T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Wani zai ce ai ni ban taɓa kai 240 ba, eh gaskiya ne amma harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafi ne in an daɗe ana tafiya, kuma zafi shi ke fasa taya a kan hanya. Kana iya hawa sama da abinda sitika ta ce, amma dan Allah kar ka sauko ƙasa, musamman in kana yawan cika motar da mutane da kaya.

Sai shekarun tayar, nan ne na fi so a tsaya a kula. Roba tana tsufa ko ba a taɓa hawanta ba, tana bushewa ta yi tauri ta fara tsattsagewa, kuma da ido za ka ganta fes da zanenta cif. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka bi har ƙarshen layin za ka ga lambobi huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2321 na nufin sati na 23 a 2021. Wani lokaci gefe ɗaya kawai ake buga lambobin, in ba ka gani ba ka sa a juya maka ita. Kamfanonin mota da yawa suna cewa a canja taya in ta kai shekara 6, kamfanin taya na Michelin kuma ya ce daga shekara 5 a riƙa dubata duk shekara sannan kar ta wuce 10 ko da zanen bai ƙare ba. Kaga kenan tayar da ta yi shekara 4 a ajiye an riga an ci mata kaso mai yawa na rayuwarta kai kuma za ka biya kuɗin sabuwa.

Wannan ne ya sa ba na ba kowa shawarar tayar hannu. Ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska ba, ba ka san ramin da ta faɗa ba, wayoyin ciki na iya karyewa waje bai nuna komai ba. In dole ce ta sa, a cire ta daga rim ka leƙa ciki, in ka ga faci a gefe ko kumburi ko ɗan tsagu ka bar musu kayansu.

Zurfin zane ma abin dubawa ne. A ƙasashe da yawa doka ta tsaya a milimita 1.6, kuma akwai 'yan tudu a cikin ramin zanen, in saman tayar ya zo daidai da su ta gama aiki. Ni dai ina ganin daga milimita 3 ya kamata mutum ya fara shiri, don zanen ne ke korar ruwa, in ya yi ƙasa motar sai ta riƙa sulɓi burki ya ƙi kamawa da wuri.

In biyu kawai aljihu zai iya, ka sayi iri ɗaya kamfani ɗaya, kuma a sa sababbin a baya ko da gaba ne ke jan motar. Mutane suna musu a kan wannan sosai, amma in gaba ya zame kana da sitiyari a hannu za ka iya gyarawa, in baya ya zame motar juyawa take yi gaba ɗaya. Motar da ƙafa huɗu ke ja kuwa gara a canja duka tare.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kansu. Tayar da ke da kibiya da rubutun Rotation dole kibiyar ta kalli inda take juyawa in mota na tafiya gaba, mai rubutun Outside kuma wannan gefen ne zai kalli waje. A canja bawul, a yi balansin wato daidaita nauyin tayar kar ta riƙa girgiza, in tsohuwar gefe ɗaya ta cinye a yi alaimen ma wato saita ƙafafun motar su miƙe daidai, in ba haka ba sabuwar haka za ta cinye. Iska kuma a bi sitikar ƙofa, lambar iskar da ke jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, sannan a auna da geji lokacin da tayar take da sanyi kafin a yi doguwar tafiya.