Yadda Malami Zai Sa Ɗalibi Ya So Karatu

Duk wanda ya taɓa riƙe alli gaban yara 70 ya san yaron nan da idonsa ke kan allo, hankalinsa kuwa yana filin ƙwallo. Bulala za ta sa shi ya yi tsit, amma ba za ta sa masa son darasin ba. Abin da ke sa yaro ya so karatu shi ne ya ɗanɗana cewa ya iya. Ga yadda ake kai shi can.

Da farko, gano inda kowa ya tsaya. A makon farko na zango, kira su ɗaya bayan ɗaya, ka nuna musu baƙaƙe, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari. Yaron aji 5 da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, idan ka miƙa masa littafin aji 5, ka gama kashe masa gwiwa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi fice da raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu. Kai ma za ka iya yin haka na rabin awa a kullum.

Na biyu, ba shi aikin da zai iya gamawa yau. A nan malaman boko suna da darasin ɗauka daga makarantar allo. Almajiri ba a ɗora masa izu guda a rana ɗaya. Malam ya biya masa ƴan ayoyi, ya yi ta maimaitawa, in ya riƙe ya wanke allo a yi masa ƙari. Wanke allon nan shaida ce da yaro ke gani da idonsa cewa ya ci gaba, tun kafin a je ga zayyana da walimar sauka. To, nemo wa ajinka irin wannan: lissafi 3 maimakon 20, ka duba nan take, ka ce masa gobe za mu ƙara.

Na uku, kula da irin yabon da kake yi. A 1998, masu bincike Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada ƴan aji 5 a Amurka. Waɗanda aka yaba wa basira sun riƙa zaɓar aiki mai sauƙi, kuma da suka ci karo da mai wuya sai suka karaya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jurewa. Saboda haka maimakon "Kai gwani ne", ce masa "Na ga ka sake gwadawa har sau uku, ga shi ka samu."

Kyautar alewa da biro fa? A yi hattara. A 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa yaran da dama suke son zane alƙawarin takardar yabo. Bayan nan, yaran suka rage yin zanen don kansu. Kyauta ta ba-zata ba ta da laifi. Ciniki ne ba na so, wato "yi kaza in ba ka kaza".

Sai ka kawo darasin gida. Yarinyar da lissafi ke gagara a littafi ita ce ke ba da canji daidai a wurin tallan ƙosai. Fara da mudu da tiya da Naira, sannan ka koma alamomi.

Na ƙarshe, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa: ranar da yaro ya ɗaga hannu ya ba da amsar da ba daidai ba, kada ka bari aji ya yi masa dariya, kai ma kada "daƙiƙi" ya fita bakinka. Tambaye shi yadda ya yi ya kai ga amsar, ku gyara tare a kan allo, sannan washegari ka sake kiran sunansa da tambayar da ka san zai iya.