Haɗa wa Tumaki Masu Tasowa Ƙarin Abinci da Dusa da Kek ɗin Masana'anta

Daga watan Fabrairu zuwa saukar damina, ciyawar dajin Sakkwato ta zama kara zalla. Furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, yakan sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, alhali ɗan rago mai tasowa, Uda ne ko Balami, yana bukatar kashi 14 zuwa 16. Shi ya sa za ka ga dabba tana ci wuni guda amma ƙugu a tsaye. Abin da injinan niƙa da na matse mai suke ragewa, wato dusa da kek, shi ke cike wannan giɓi da arha, muddin an haɗa shi da lissafi, domin dusa ita kaɗai ba ta gina ƙashi da tsoka.

Dusar alkama tana da furotin kamar kashi 16, kek ɗin angurya 22 zuwa 28 gwargwadon yawan ɓawon da ke ciki, na gyaɗa kuwa ya haura 40. Dusar masara ƙarfi take bayarwa, furotinta bai wuce 10 ba. Ga haɗin kilo 100 da ke kai wa kusan kashi 15: dusar alkama kilo 45, dusar masara 20, kek ɗin angurya 20, dusar shinkafa 12, garin laimiston 2, gishiri 1. In kek ɗin gyaɗa ka samu, kilo 11 ya wadatar a madadin angurya, sai ka cike sauran 9 da dusar masara. Fara cakuɗa gishiri da laimiston cikin kwano biyu na dusa, sannan ka barbaɗa a kan tarin, ka juya da shebur sau uku a kan leda.

Kada ka raina laimiston ɗin nan, farin garin dutse da masu haɗa abincin kaji suke sayarwa. Dusa da kek cike suke da sinadarin fosfaras, kalsiyam kuwa kaɗan ne, alhali ana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In lissafin ya juye, tsakuwa takan taru a mafitsarar rago ta toshe hanya. Za ka gan shi yana nishi, yana miƙe baya, yana shurin cikinsa, fitsari na ɗiga ɗis-ɗis ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan aikin likitan dabbobi ne a ranar, ba a kwana da shi. Garin ƙashi ba ya maye gurbin laimiston, domin shi ma yana ɗauke da fosfaras.

Dusar shinkafa ita ce inda aka fi cutar mai saye. Shinkafar fadamun Wurno da Goronyo tana wadata mu da ita, sai dai ƙananan injina sukan haɗa dusa da ɓuntu a fita ɗaya, ɓuntu kuwa ciki kawai yake cikawa. Murza ta a tafin hannu: ta kirki laushi gare ta da ɗan maiƙo, mai ɓuntu tana suka. Zuba tafi ɗaya a kofin ruwa, ɓuntu zai taso sama, yashi ya kwanta ƙasa. Man da ke cikinta kuma yana saurin lalacewa a zafin bazara, don haka kada ka sayi abin da ya wuce na mako biyu zuwa uku. Kek ɗin gyaɗa da ya yi fumfuna ko yake warin rima, a zubar da shi. Gubarsa hanta take ci.

Wajen bayarwa, a fara da maganin tsutsar ciki da rigakafin PPR (cutar annobar tumaki da awaki), in ba haka ba tsutsa kake kiwo. Ɗan rago mai kilo 20 zai ci giram 250 zuwa 300 a rana, rabi da safe rabi da yamma, amma ba ranar farko ba. Fara da giram 100, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 10 zuwa 14. Auna kwanonka a sikeli sau ɗaya ka yi masa alama, tunda dusa ba nauyin hatsi gare ta ba. Kullum harawa ko kowar wake ta riga dusa shiga ciki. Rago mai yunwa da ya dira kan dusa da yawa, tumbinsa yakan yi tsami, ya kumbura, zawo ya biyo baya. In haka ta faru, janye dusar kwana biyu, bar shi da harawa da ruwa, sannan ka sake farawa daga ƙasa.

'Ya'yan da ba su kai wata uku ba, a hana su angurya. Akwai guba a cikinta da tumbin babbar dabba ke iya dannewa, nasu kuwa bai ƙosa ba. Takin yuriya da wasu ke zubawa don ƙara furotin yana aiki, amma kada ya wuce kilo 1 cikin 100, kuma dunƙule ɗaya da bai gauraya ba yana iya kashe rago cikin sa'a guda. Wanda ba shi da sikeli ya haƙura da shi.

Ruwa ya zauna a gabansu a inuwa, lita 4 zuwa 6 ga kowanne a watan Afrilu. In ka saba jiƙa dusa, kwaɓa wadda za su cinye nan take, ragowar safe ba ta kai yamma ba tare da ta yi tsami ba.