Yadda na zaƙulo Log4j a manhajarmu

A Disambar 2021 da labarin ɓarakar tsaro a Log4j, wato laburaren (shiryayyen kod) da manhajojin Java ke amfani da shi wajen rubuta tarihin ayyukansu, ya bazu, ko a jikina, tunda ban taɓa saka shi a manhajarmu ba. Ashe yana ciki. Ina buga mvn dependency:tree, umarnin da ke jera duk laburaren da manhaja ta dogara da su, sai ga log4j-core 2.14.1, sigar Log4j mai ɓarakar, maƙale ƙarƙashin laburaren da muke fitar da rasit da shi. Baƙo ne ya zo da nasa baƙon. Saboda wannan ɓarakar, layi ɗaya na rubutu daga waje ya isa ya sa sabarmu ta aiwatar da umarnin ɓarawo.

Na tilasta sigar 2.16.0 a pom.xml, fayil ɗin da ake jera laburaren manhajar, daga baya 2.17.1, na sake haɗa manhajar, na leƙa cikin fayil ɗin jar, wato kunshin manhajar da aka haɗa, na tabbatar tsohon ya fita. Kalmomin sirri ma na canja, don kwana uku sabar ta yi a buɗe.