Darasi na Bakwai: Omo da Ire-irensa

Duk wanda ya taɓa wanki da ruwan wasu rijiyoyin cikin birni ya san yadda sabulu ke ƙin kumfa, ya bar farin datti a bakin baho. Ruwan ne ke ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam, su ke kama sabulun su daskarar da shi. Omo bai cika damuwa da su ba. Shi sabulu da kitse ko manja ake yin sa, a haɗa da soda, wato kostik soda mai ƙona fata. Omo kuwa yawanci daga ɗanyen man fetur ake samo sinadarinsa. Jamusawa ne suka fara haɗa shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kitse ya yi musu ƙaranci.

Kowace ƙwayar wannan sinadari tana da kai da doguwar wutsiya. Wutsiya maiƙo take so, kai kuma ruwa. Idan aka jiƙa rigar da miya ta zuba, wutsiyoyin sai su nutse cikin man, kawunan suna waje. Ana cuɗawa man ya rarrabu ƙanana ƙanana, ɗauraya ta tafi da shi. Don haka ku riƙa barin kaya su jiƙu tukuna. Yawan kumfa ba shi ne fitar datti ba, barnar omo ce kawai.

Da irin cajin lantarkin da kan ƙwayar nan ke ɗauke da shi ake raba omo gida 4, kamar alamomin jikin batir. Mai alamar ɗebewa shi ya fi yawa: omon leda da ake sarowa a Kasuwar Singa, da sabulun ruwan da mata ke haɗawa da sinadaran salfonik da Texapon, duk danginsa ne. Mai alamar tarawa ba gwanin wanki ba ne, aikinsa tausasa tufafi da gashi da kashe ƙwayoyin cuta. Kada ku gauraya waɗannan biyun, kama juna suke, aikin ya lalace. Marar caji kumfarsa kaɗan ce amma yana cin maiƙo, shi ya sa ake sa shi a omon injin wanki. Na huɗun yana da alamomin biyu, ba shi da zafi a fata, ana sa shi a man wanke kan jarirai.

Masu haɗa sabulun ruwa, don Allah ku sa safar hannu. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa kan soda ba, kuma yara su yi nesa.

Aikin gida: ku zuba ruwan rijiya a gora biyu, ɗaya da ɓarɓashin sabulu, ɗaya da omo. Ku girgiza, ku rubuta abin da kuka gani.