Yadda Ake Koyon Lokutan Aikatau na Turanci Daga Kan Hausa

A Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke nuna lokaci: na tafi, nakan tafi, zan tafi. A Turanci kuwa sau da yawa aikatau ɗin ne da kansa yake sauya riga: go, went, gone. Nan ne ɗalibai da yawa na ƙauyukan Ringim da Dambatta ke tuntuɓe a WAEC da NECO.

Da farko sami littafin rubutu guda, ka ja layi ka raba kowane shafi gida uku: yau, jiya, gobe. Littattafan nahawu suna jera sigogi 12, amma kada ka haɗiye su rana ɗaya. Fara da huɗu: sabau (abin da aka saba yi), mai ci (abin da ake cikin yi), shuɗaɗɗe, mai zuwa.

Kullum bayan Asuba ko Magariba ware minti 20, ka ɗauki aikatau biyar daga aikin da ka yi da hannunka. Rubuta jumlar da Hausa tukuna. "Nakan kai awaki kiwo" ita ce "I take the goats out". "Jiya na sayar da gero" ita ce "Yesterday I sold millet". Aikatau irin sell, buy, bring da eat ba sa karɓar -ed da ake ƙara wa yawancin aikatau a shuɗaɗɗe, sai dai a haddace su uku-uku da baki kamar karatun allo: eat, ate, eaten.

Sai mataki mafi muhimmanci, wato gane inda Hausa ke yi maka tarko. "Na ci" tana ɗaukar "I ate" da "I have eaten" duka. Ka duba jumlar: in ka ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko bara ko ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, to "ate" ce kawai. "I have eaten yesterday" kuskure ne. Haka "ina" ba kullum take zama -ing ba. "Ina da keke" ita ce "I have a bicycle", ba "I am having" ba, domin mallaka, kamar sani, hali ne, ba aikin da ake cikin yi ba. Wannan kuskuren yana da naci, a ba shi mako guda shi kaɗai.

Bayan "did" aikatau yana komawa asalinsa: "Did you go?" Kuma he, she, it suna jan -s a sabau: "She cooks".

Ranar Juma'a ka miƙa littafin ga malamin Turanci ko wani yaya da ya gama sakandare, ya ja layi ƙarƙashin aikatau kawai. Duk jumlar da ta karkace, sake rubuta ta sau uku, sannan ka faɗe ta da ƙarfi kafin ka buɗe sabon shafi.